Tukur Fita da Jirgin da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Sunan mahaifinmu Tukur, amma a Likoro in ka ce Malam Tukur kawai sai an tambaye ka wanne. Ka ce Tukur Fita, ko mai tallar ƙosai za ta raka ka har ƙofar gidanmu. Fita a bakin mutanen reluwe shi ne makanikin da ke kwance ƙarafan jirgi ya ɗaura, sai dai ba kowane baƙo ya san haka ba. An taɓa wani ɗaurin aure a ƙofar gidan liman, wani ya hango Baba yana tahowa ya ɗaga murya ya ce, "Malam Tukur Fita!" Sai ga wani bawan Allah daga Saulawa, shi ma Tukur, ya miƙe tsam daga kan tabarma ya ɗauki takalmansa yana tambayar laifin me ya yi. Har yau in suka haɗu a kasuwar Makarfi sai sun gama dariya kafin su gaisa.

Ni ce Zubaida, 'yarsa ta biyu. Ina aure a Hunkuyi, ba nisa, don haka kusan duk abin da zan faɗa a gabana aka yi. Wanda aka yi kafin a haife ni kuwa na ji shi daga bakin Baba har na haddace.

Layin dogo ya bi ta gefen garinmu, kuma lokacin da Baba yake saurayi yakan kai rake tasha ya sayar wa fasinjoji. Wata rana wani jirgin kaya ya tsaya jiran ɗan'uwansa ya wuce. Kan jirgin, irin mai cin kwal yana fitar da tururi, ya tsaya daidai inda Baba ya jingine damin rakensa. Da aka ba shi hannu ya tashi, Baba ya ce shi bai ga hayaƙi ba, bai ji usur ba, sanda kawai ya gani. Wata doguwar sandar ƙarfe ce ta fito daga wajen fistin, wato ƙarfen da tururi ke turawa, ta kama wata ƙatuwar ƙusa da ke jikin ƙafa, ba a tsakiya ba, can gefe, ta tura ta janyo, ta tura ta janyo, kamar gwiwar hannun mace a kan dutsen niƙa. Wata sandar kuma ta haɗe ƙafafun gefen gaba ɗaya, in ɗaya ta motsa duk su motsa, kamar 'yan gayya sun jeru a gona. Ya bi jirgin da gudu yana kallon ƙasa har numfashinsa ya ƙare. Raken da ya kai tasha ran nan ba a san wanda ya sha shi ba.

Bai rufa sati ba ya tafi Zariya. Ya yi ta zarya a ƙofar loko, wato rumfar da ake gyaran kawunan jirgi, har aka gaji da korarsa aka miƙa masa tsumma. Ya daɗe yana goge ƙafafu kafin a yarda ya riƙe butar mai, ya daɗe da butar mai kafin a yarda ya riƙe sufana. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne bushi. Bushi wani zoben tagulla ne da ake zuba wa farin ƙarfe mai laushi a ciki, a cikinsa shaf, wato ƙarfen da ya ratsa cibiyar ƙafa, ko ƙusar sanda ke juyawa. In ya matse ya yi zafi ya narke, in ya yi sako-sako ya dinga ƙwanƙwasa har direba ya yi ciwon kai. Baba yakan ce duk girman kan jirgi, a kan ɗan mai da bai kai kaurin fatar albasa ba yake zaune.

Daga baya kawunan dizal suka zo, aka jere masu tururi a bayan loko, ciyawa ta fara fitowa ta tsakanin ƙafafunsu. An koya wa Baba aikin dizal, ya iya, amma ransa bai kwanta ba.

"Inji ya rufe jikinsa ruf kamar mai jin kunya," in ji shi, "ba ka ganin abin da ke tura ƙafarsa. Ina daɗinsa?"

Ya ajiye aiki ya dawo gida, ya karɓi fadamar mahaifinsa, ya auri mahaifiyarmu, Inna Kulu, ya shiga noman rake da yin mazarƙwaila kamar kowa a yankinmu. Doki na zagayawa yana juya abin matsa, ruwan rake na kwarara, ana tafasa shi a manyan kasake har ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Da wannan ya ciyar da mu, ya aurar da mu.

Amma jirgi bai fita daga kansa ba. Ba ya wuce abu mai juyawa bai taɓa cibiyarsa da bayan hannu ba: amalanke, baro, injin niƙa, babur ɗin baƙo. In ya ji ɗumi ya tsayar da mai abin ya yi masa wa'azin mai. Da yamma kuwa, in an gama cin tuwo, sai ya jawo faifai ya zama ƙafa, ludayi ya zama sanda, muciya ta zama fistin. Mu yara mukan sulale ɗaya bayan ɗaya. Inna ce ba ta da wurin gudu. Tana nan zaune tana tsince wake ko tana kaɗi, tana cewa "to" da "ikon Allah" a inda ya dace.

Shekarar da Baba ya haura saba'in, dokinsa Bidi ya yanke shawarar ya gama aiki. Ba ciwo ya yi ba. Yakan yi zagaye kaɗan, sai ya tsaya cak ya lumshe ido ya fara gyangyaɗi a tsaye. An lallaɓa, an yi tsawa, an nuna masa dusa, ko kunne bai kaɗa ba. Maƙwabta tuni suka koma injin fetur, amma su ma kullum cikin ƙorafin tsadar mai suke. Baba ya zauna a kan kututture a bakin fadama yana kallon dokin, yana kallon matsattsen raken da ya taru ya bushe ya yi tsauni, yana kallon wutar da ke ci ƙarƙashin kasake da tururin da ke tashi a banza. Ran nan na zo gida wuni. Muna tsakar gida sai ga Baba ya faɗo ba ko sallama, hula a hannu.

"Kulu! Kulu! Ina kike?"

"Ga ni, Malam. Lafiya? Wani abu ya sami dokin?"

"Ga wuta, ga ruwa, ga makamashi kyauta. Shekara nawa ina zaune a kansu! Jirgi zan ƙera."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji Inna. "Wanke hannu, ɗanwaken zai huce."

Ta ɗauka irin maganar bayan tuwo ce. Washegari da sassafe ya hau motar Makarfi wajen Iliyasu mai walda. Iliyasu magidanci ne, gemunsa ya fara furfura, kuma tunda yake ba a taɓa kawo masa aiki ya ce ba zai yiwu ba. Baba ya zana masa abin a ƙasa da tsinke. Iliyasu ya zagaya zanen, ya tsuguna, ya miƙe.

"Baba, ban gane ko ɗaya ba," in ji shi, "amma in dai ƙarfe ne zai ji magana. Yaushe za mu fara?"

Suka shiga yawon 'yan gwangwan, Zariya, Ikara, har Kano. Suka samo wata ƙaramar tukunyar tururi daga wata masana'anta da ta daɗe da rufewa. Suka samo manyan ƙafafun ƙarfe biyu na tsohon injin niƙa, masu nauyin da sai ƙarti sun taru suke ɗaga ɗaya. Suka samo fistin da gidansa. Abin matsa kuma aka samo irin na masu injin fetur, wanda bel ke ja. Duk aka jibge a bakin fadama, bayan gidanmu.

Wuri ɗaya ne ban ga Baba ya yi wasa ba, wajen tukunya. Kafin ya bari a kusantar da ko ashana, sai da ya cika ta da ruwan sanyi ya sa aka yi ta danna mata famfo, yana zagayawa yana shafa kowane ɗinki yana neman zufa. Ya ce tukunyar da za ta fashe gara ta fashe da ruwan sanyi, ta jiƙa mutum kawai. Ya ɗaura mata bawul mai buɗe kansa in tururi ya yi yawa, ya gwada shi ya sake gwadawa, sannan fara'arsa ta dawo.

Daga nan kayan Inna suka fara ɓacewa. Ƙaramar tukunyar da take soya manja ta tafi narka farin ƙarfe. Bular wankinta ta bi baya. Baba na kwaɓa bular da mai ya shafa wa shaf, ya juya shi cikin bushi, duk inda shuɗi ya kama ya san nan ne tudu, ya kankare da 'yar wuƙa, ya sake shafawa. Ya yi kwanaki a kan wannan, hannunsa har gwiwa kamar na marini, yana ta waƙe-waƙe. Inna ta yi haƙuri. Amma ranar da ta ɗauko rigar sanyinta ta ulu, wadda yayanmu Salman ya kawo mata tsaraba, ta tarar hannu ɗaya babu, sai ta fito da ita tsakar gida a rataye a yatsa.

"Malam, ɓera ne ko kai ne?"

Baba ya sosa ƙeya. "Ai lagwani na yi. Zaren ulu ne kaɗai ke jan mai a hankali ya ɗiga cikin bushi, ɗis, ɗis. Na auduga ba ya yi."

"Sai aka rasa ulu a duniya sai nawa?"

"Naki ya fi kyau, Kulu. Ki bar ɗaya hannun a kusa, bushin da yawa."

Ni dai na shige ɗaki na toshe baki da mayafi.

Ranar gwaji ta farko an cika bakin fadama. Ba a gayyaci kowa ba, amma wanda ya ce zai ƙera jirgi a Likoro ba ya bukatar sanƙira. Mu mata muka tsaya bayan danga muna leƙe. Aka hura wuta da matsattsen rake, tukunya ta fara gurnani. Baba ya sa tsohuwar rigarsa ta loko, wadda yanzu maɓallin ciki ba ya haɗuwa, ya yi bisimilla ya murɗa bawul.

Tururi ya yi fuuu. Ƙafa ba ta motsa ba.

Ya ƙara murɗawa. Tururi ya ƙara fuuu. Sanda ta miƙe sambal, ta yi layi ɗaya da cibiyar ƙafa, tana turawa amma ba gaba ba baya, kamar mai tura ƙofa ta wajen da aka kafe ta. Iliyasu ya sa ƙafarsa ya ɗan hankaɗa, sai ƙafar injin ta juya, jama'a suka yi kabbara. Aka cusa rake. Ta yi zagaye biyu ta sake tsayawa cak a daidai inda ta tsaya ɗazu. Daga can inuwa Bidi ya ɗaga kai ya yi haniniya.

Wurin ya kece da dariya. Wani ya ce injin ya koyi hali a wurin doki. Wani ya ce a nuna masa dusa. Ana cikin haka sai na ji muryar Inna a gefena, ita da ba ta ɗaga murya ko a cikin gida.

"Malam! Ba kai ka ce jirgi fistin biyu gare shi ba? Ƙusar dama tana gaban ta hagu da rubu'in zagaye, don in sanda ɗaya ta miƙe ta rasa ƙarfi, ɗayar na tsakiyar turi. To ina na biyun?"

Baba ya saki bawul ya juyo yana kallon danga, baki buɗe. Ya san maganar sarai, fistin ɗaya ya samu kuma zumuɗi ya hana shi jira. Ba wannan ne ya kama shi ba.

"Kulu," ya ce, "ashe kina ji? Duk shekarun nan kina ji?"

"Ina da wurin zuwa ne?" in ji Inna.

Baba ya jefa hularsa sama. Ya kama hannun Iliyasu yana girgizawa kamar shi ya yi maganar, yana faɗa wa duk wanda ke kusa, "Kun ji? Rubu'in zagaye! Ko a loko sai mutum ya shekara kafin ya gane wannan!" Injin ya ƙi aiki a gaban gari guda, amma ban taɓa ganin mutum ya koma gida da murna irin ta Baba ran nan ba. Da yamma ya aika aka sayo wa Inna tsire, ya zauna yana yi mata tambayoyi kamar mai jarrabawa, tana amsawa tana cin namanta. Ba ta faɗi ko ɗaya ba.

Aka koma yawon gwangwan har aka samo fistin na biyu. Aka ɗaura shi a ɗaya gefen, aka saita ƙusoshin yadda Inna ta tuna masa. Gwaji na biyu jama'a sun fi na farko, har daga Taba an zo a kan babura. Wannan karon Baba na taɓa bawul ƙafafu suka ɗauka da kansu. Sanduna biyu suka shiga kai da kawowa, ɗaya na bin ɗaya, caka-caka, caka-caka. Rake na shiga, ruwa na zuba kamar an buɗe famfo. Baba ya ji daɗi ya ƙara wuta.

A kan wasu gumagumai aka ɗaure injin, ba a kafe shi a ƙasa ba. Da gudu ya ƙaru sai ya fara rawa. Daga rawa ya koma tsalle. Bel ya suɓuce ya yi sama, injin ya ji ba kaya a kansa ya ƙara wuta, sai ga shi yana tafiya da gumagumansa, yana dira yana tashi kamar kwaɗo, ya miƙe sak wajen babur ɗin Iliyasu. Allah ya taimaka doguwar tiyo ce mai lanƙwasa ta haɗa shi da tukunya. Jama'a suka watse cikin rake. Mai shayin da ya kafa tebur don cin kasuwar taro ya rungumi butarsa ya tsallake kwari. Iliyasu na ihu, "Baba, babur ɗina! Baba, ka yi masa magana!" Baba kuwa dariya ta hana shi gudu, yana tafe yana riƙe ciki, da ƙyar ya kai ga bawul ya rufe. Injin ya yi tsalle ɗaya na ƙarshe ya tsaya, hancinsa na shinshinar tayar babur.

"Ba laifinsa ba ne," in ji Baba yana share hawaye. "Jirgi ne. An ce masa jirgi ne, dole ya nemi hanya."

Da mutane suka fito daga cikin rake suna kakkaɓe riguna, ya yi musu bayani. Sanda da ƙusa nauyi ne a gefe ɗaya na ƙafa, in suna juyawa da gudu sai su dinga fizgar ta sama suna buga ta ƙasa. Shi ya sa kowace ƙafar jirgi take da wani dunƙulen ƙarfe mai siffar jinjirin wata a ɗaya gefen, don nauyi ya yi daidai. Iliyasu ya yanko tsofaffin bakin garma ya yi jinjirin wata biyu. Suka yi ta ƙarawa suna ragewa, suna juya ƙafa da hannu su sake ta, har ta zama duk inda aka bar ta nan take tsayawa. Aka zuba siminti aka kafe injin. Iliyasu kuma tun daga ranar a ƙofar gidanmu yake ajiye babur ya ƙarasa a ƙasa.

Saura abu ɗaya. Baba ya ce ya tsufa da zagaye inji yana taɓa kowane bushi, ga wuta ga rake duk suna jiransa. Ya taɓa jin labari a loko cewa a wata ƙasa ana ɓoye wani abu mai wari a jikin sanda, in bushi ya yi zafi warin ya tashi ya sanar da direba. Sai ya sami 'yan gwangwanayen tumatir ya ɗaure a kan kowane bushi, ya sa ƙwallon daddawa a ciki. Wannan karon ya roƙi Inna, bai ɗauka ba. Abin ya yi aiki fiye da yadda ake so. Ranar da lagwani ɗaya ya toshe, ƙaurin daddawa ya bi iska ya shiga unguwa, mata suka yi ta rugawa madafa kowace na zaton miyarta ce ta kama. Inna kuwa ko tashi ba ta yi ba. Ta shaƙa sau ɗaya ta ce a je a gaya wa Malam ya duba na hagu.

Haka injin ya kama aiki sosai. Raken Baba ya ƙare da wuri, ya shiga matse na maƙwabta. Bidi ya koma cin ciyawa a inuwar mangwaro yana kallon abin da ya gaje shi, har ya yi ƙiba. Iliyasu ya ƙera usur da guntun famfon keke, kuma in aka busa shi da hantsi har a Hunkuyi wasu ke rantsuwa sun ji, ko da yake ni da nake can ban taɓa ji ba. Masu wucewa suna tsayawa su ɗauka a waya. Ta haka bidiyon ya yi yawo har ya isa Zariya.

Wata Asabar da hantsi mota ta tsaya a bakin fadama. Wani magidanci ya fito ya buɗe baya, ya kamo hannun wani tsoho dogo siriri, farin gemu har ƙirji, idanunsa sun yi fari da yana. Tsohon ya tsaya ya karkata kai wajen ƙarar injin. Baba na tsugune yana tura makamashi, ya ɗago, ya ƙura masa ido, sai itacen hannunsa ya faɗi.

"Musa? Musa Direba?"

"Tukur Fita," in ji tsohon. "Ɗana, wannan da ya kawo ni, ya kunna mini a waya. Na ce wannan bugun na san hannun da ya ɗaura shi."

Malam Musa direban kan jirgi ne a zamanin tururi, kuma Baba ne yake gyara masa sanduna. Rabonsu da juna tun kafin a haifi Salman. Suka riƙe hannu suka shiga gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jiki, ya bayan rabuwa, ina wane, Allah ya jiƙansa, ina wane, shi ma Allah ya jiƙansa. Sun jima a haka. Sai Malam Musa ya ɗaga yatsa.

"Tsaya. Sandarka ta dama tana ƙwanƙwasa."

"Ba ta ƙwanƙwasa."

"Tana yi. Saurara. Tak, tak."

"Kunnenka ne ke ƙwanƙwasa, Musa. Tun muna loko haka kake, a ba ka inji lafiya lau ka dawo da ƙorafi."

"Tun muna loko kake musu, kuma in an kwance a tarar da gaskiyata!"

Suka fashe da dariya har Malam Musa ya sarƙe. Baba ya ɗauko sufana ya ɗan ƙara wa sandar dama matsi, yana cewa don a zauna lafiya ne kawai. Sannan ya jawo turmi ya kife kusa da tukunya, ya zaunar da abokinsa, ya ɗora hannunsa a kan bawul, ya saƙala masa igiyar usur a ɗaya hannun.

Tsohon ya shafa ƙarfen a hankali. Ya gyara zama, ya miƙe wuya, ya ja igiya. Usur ya tsaga fadama.

"Faya!" ya daka wa Baba tsawa, yadda direba ke kiran mai zuba kwal. "Wutarka ta yi ƙasa. Kano za mu, kuma ba na son latti."

"Ranka ya daɗe, an gama!" in ji Baba, ya dumbuzo matsattsen rake ya cusa.

Malam Musa ya buɗe bawul kaɗan-kaɗan, sanduna suka ɗauka, ya ƙara, suka kama gudu. Yana zaune a kan turmi yana rangaji, yana leƙa kai gefe kamar mai duban hanya. Ya san inda kowane hawa yake da kowace gada. In an zo hawa ya nemi ƙarin wuta, in an zo gangara ya sassauta, in an zo mararraba ya busa usur ya yi wa masu shanu faɗa su janye daga kan dogo. Masu cusa rake suka biye musu, wannan ya ce a sauke shi a Gimi, wancan ya ce shi sai Ɗangora. Iliyasu, da ya zo kawo wani ƙarfe, ya naɗe takarda ya zama mai duba tikiti, ya kama ɗan Malam Musa da laifin hawa ba biya. Mu muna bayan danga dariya ta sa mun zauna a ƙasa.

Da suka isa Madobi aka tsaya sallar azahar. Inna ta aika da dambu da zoɓo, ta ce a gaya wa direba ya rage gudu a kwana, akwai mata a tarago. Malam Musa ya aiko da amsa cewa a gaya wa uwargida ya ji, kuma ya sami labarin rubu'in zagaye, ya gaishe ta da aiki.

Ana kiran la'asar suka shiga Kano. Malam Musa ya ja usur mai tsawo, ya rufe bawul a hankali har sanduna suka yi kai da kawowarsu ta ƙarshe suka tsaya. Kasake duk sun cika, ba a taɓa matse rake mai yawan na ran nan ba. Ya zauna, hannunsa na kan ƙarfen, gemunsa ya jiƙe da tururi da wani abin da ba tururi ba.

Ɗansa ya matso ya durƙusa. "Baba, mu kama hanya kada dare ya yi mana."

Aka cika musu bayan mota da mazarƙwaila. Har an zaunar da shi an rufe ƙofa, sai ya laluba ya sauke gilashi.

"Tukur!"

"Na'am, Direba."

"Asabar mai zuwa ka hura wuta da wuri. Mun bar jirgin mutane a Kano, sai mun je mun dawo da shi."